Gandun Dajin Yallaɓai

Duk wanda bai ga kan Yallaɓai Darakta ba, bai ga ikon Allah ba. Ta gaba fili ne fetal, sanƙo mai sheƙi. Amma can saman kunnen hagu akwai wasu 'yan silin gashi, sirara kamar zaren gizo, waɗanda ya raina har suka yi tsawo. Kullum da safe sai ya taso su da mataji, ya ƙetarar da su zuwa kunnen dama, ya kwantar. Mu ma'aikatansa muna kiran wurin Gandun Daji, a bayan idonsa. A gabansa kuwa sai mu ce, "Yallaɓai, suma ta yi kyau."

Ba ya sa hula. Ya sha faɗa mana a taro cewa, "Hula ta mai abin ɓoyewa ce. Ni kaina a buɗe yake, kamar aikina."

Matsala ɗaya ce: gandun ba ya jin magana. Da iska ta ɗan yi danshi sai silin su miƙe, kowanne ya kama gabansa. Mutumin da manyan ma'aikata ke rawar jiki a gabansa, gashinsa ya raina shi. Ga shi an ce za a ɗauki hoton daraktoci a rataya a zauren baƙi, kuma hoton nan zai daɗe a bango bayan mai shi ya yi ritaya.

Matarsa tana da 'yar ƙaramar diraya mai hura iska ɗumi-ɗumi, ta ce ya ara. Ya dube ta sheƙeƙe.

"Wannan abin da ko ƙara ba ta yi? Ni darakta ne."

Ya tafi babban kanti da kansa, direba na biye. Bai tambayi kowa komai ba, don tambaya ta na ƙasa ce. Ya sa aka kunna masa dirayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana sauraro da ido a lumshe. Wadda ta fi kowacce ruri, har ta kwashe takardun kan kanta, ita ya nuna.

"Inji kamar ma'aikaci ne," ya sanar da mutanen kantin. "In ba ka ji motsinsa ba, barci yake."

Ya haɗa da ƙarfen miƙar da gashi, shi ma wanda lambar zafinsa ta fi yawa.

Ranar hoto ya shige banɗaki ya kulle. Ya murɗa diraya har ƙarshe, domin Yallaɓai bai san matsakaici ba. Gandun ya bushe ƙamas, ya tashi tsaye kamar gashin kyanwar da ta ga kare. Yallaɓai ya fusata. Tawaye ne, kuma ya san maganin tawaye. Ya ɗauko ƙarfen, ya kai shi maƙura, ya damƙe silin gaba ɗaya, ya riƙe su sosai don su ji a jikinsu.

Sun ji. Ƙauri ne ya fara isa falo. Matar ta buga ƙofa.

"Baban yara, me ke ƙonewa?"

Da ya buɗe ƙarfen, gandun yana ciki, a miƙe sambal, ya yi ladabi a karon farko. Sai dai ya rabu da kan. Direba ya rantse mana cewa matar ta juya baya kafaɗunta na rawa, ta ce tari ne. Garin gyaran gira an rasa ido. Ni kam na ji tausayinsa, na ɗan lokaci.

Hoton yana nan a zauren baƙi. Yallaɓai ya fito da kwarjini, hula ta sauko har gira. Washegari ya tara mu, ya ce bincike ya nuna hula tana ƙara wa ma'aikaci mutunci, saboda haka daga yau ta zama dole.

Dirayar kuwa ba ta yi asara ba. Da ita ake busar masa da safa.