Ranar Da Kwamfutata Ta Ƙoshi

Ko zan manta da komai na koyarwa, ba zan taɓa mantawa da bikin 'yancin kai na shekarata ta biyu a wata sakandare da ke Kanvili ba. A lokacin hedimasta ya ƙudura zai mayar da ɗakin kwamfuta sito, don masarar abincin ɗalibai ta rasa wurin ajiya. Ni kuwa, malamin kwamfuta mai ji da kansa, na ce a ba ni ranar biki kawai, iyaye su gani da idonsu.

Na rubuta manhaja mai lissafo lambar pai, wadda ake auna da'ira da ita, har lambobi dubbai bayan ɗigo. Don ta yi sauri sai na yi mata dabara: duk amsar da ta samu ta adana a ƙwaƙwalwar kwamfuta, in an sake tambaya ta miƙo kawai. Abin da ban koya mata ba shi ne zubar da tsohuwar ajiya. A gida ban lura ba, saboda bayan kowane gwaji rufe ta nake yi, komai ya goge. (Ni da na saba tara kwalaben da babu komai a ciki, ai ba mamaki manhajata ta gado ni.)

Ranar biki, ana gama fareti, na kunna ta. Duk wanda ya shigo sai in ce ya faɗi yawan lambobin da yake so. Lambobi suna zubowa, mata suna salati, ni ina gyara zaman fuguna, rigata ta saƙi, kamar ni na ƙirƙiro lissafi. Kowace amsa kuwa tana nan jibge a ciki.

Can bayan azahar hedimasta ya shigo da Alhaji, shugaban kwamitin iyaye, wanda maganarsa ce za ta yanke hukuncin ɗakin.

"Ticha, an ce injin naka ya san lissafi. To ya ba mu miliyan."

Na danna ina murmushi. Shiru. Fankar cikin kwamfutar ta hau gurnani, allo ya daskare. Na girgiza linzamin kwamfutar, na danna nan, na danna can, har hura mata iska na yi da baki, Allah shaida.

"Ya mutu ne, ko yana hutawa?" in ji Alhaji.

"Tunani take yi, Alhaji."

Ya ja kujera ya zauna, wai zai jira ta gama tunanin. Wannan haƙurin nasa ya fi zagi ciwo. Zufa ta jiƙa min fugu, ɗalibaina suna tsaye a bango sun sunkuyar da kai. Da aka kira la'asar ya miƙe, ya dafa kafaɗata.

"Sannu, Ticha. In ya gama, ka aiko mini gida a Sabonjida."

Kafin ƙarshen zango aka kwashe kwamfutocin. Gyaran da manhajar take bukata layi biyu ne, na yi shi washegari, amma babu wanda ya tambaya. Abin da ke cina har yau shi ne yaran nan, da yawansu ba su sake taɓa kwamfuta ba har suka gama makaranta.

Yanzu duk abin da zan rubuta, kafin in koya masa ajiya sai na koya masa zubarwa. Ɗakin kuwa yana nan, ya ƙoshi da masara har rufi, kuma bai taɓa daskarewa a gaban Alhaji ba.