Ti Guda Shida da Gam

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da muka ja ruwa zuwa gidanmu na Kuje. Har yau in na murɗa famfo na ji ɗan tarin nan da yake yi kafin ruwa ya zubo, sai in kama dariya ni kaɗai a kicin.

Lokacin ba mu daɗe da tarewa ba. Ɗaki biyu ne da falo, ko filasta ba a gama ba, amma namu ne. Ina da tsohon ciki na biyu, ɗana Walid kuma yana koyon magana. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wankan jego. Na fari a garinmu na yi, rijiya a tsakar gida. Wannan karon Inna ce za ta zo ta zauna da ni, kuma na san halin uwata: safe da yamma, tukunya cike, babu ragi. In da ruwan 'yan garuwa za mu yi wannan wanka, kafin arba'in mun sayar da ƙyauren gida.

Maƙwabciyarmu Maman Joy tana da bohol. Ta ce mu ja daga tankinta, mu riƙa taimakawa da kuɗin wuta. Na kwashi adashina, Baban Walid ya cika. Ana gab da fara aiki aka tura shi Lokoja (direba ne), sai ya damƙa min kuɗin duka.

"Ki buɗe ido," in ji shi. "Masu aikin nan in suka ga mace, komai sai sun ninka. Abin da ba dole ba, ki soke shi."

Ni da karatuna ya tsaya a firamare, lissafin biro ba nawa ba ne. Sai na samo gwangwanayen madarar Walid na raba kuɗin: na fayif daban, na kan famfo daban, na masu haƙa, na hannun mai aiki. Kullum sai na buɗe na leƙa, kamar za su riga ni haihuwa.

Mai aikin sunansa Oga Monday, dogo mai fara'a, Hausarsa irin ta Abuja, mace da namiji duk "kai" ne. Ni kuwa ina taga ina lura da duk abin da ya ɗauka. Tambaya ce dai ba na yi, wai kada ya gane ban san komai ba ya ƙara min kuɗi.

Ranar Juma'a da yamma yana wanke hannu ya ce, "Madam, gobe zan gama. Amma ka tanada min ti guda shida, da gam gwangwani ɗaya. Ko ka ba ni kuɗi in saya. Jibi ina tafiya Gwagwalada, aikin wata ɗaya."

Na ce a raina, yauwa, an zo wurin! Ti har guda shida! Wato shi da abokansa za su yi walimar gama aiki da adashina, su kuma wanke baki da cingam. Na haɗe fuska na ce, "Bar shi, Oga. Ni zan kawo da kaina."

Nan take na kira Baban Walid. "Na kama shi. Wai har kuɗin shayi yake so a ba shi."

"Kin gani ko? Allah Ya yi miki albarka."

(Da na faɗa masa "ti" yadda aka faɗa min, da ya gane. Amma ni sai da na gyara masa maganar ta koma Hausa tsantsa.)

Washegari da sassafe na shiga kasuwa. Ganyen shayi, madara, sukari, har da burodi don kada a ce matar Baban Walid marowaciya ce. Cingam na gwangwani ne ya wahalar da ni. Na zaga shaguna da cikina, kowa ya ce bai taɓa gani ba, ƙarshe na haƙura da na roba mai murfi. Sauran kuɗin da ke gwangwanin fayif kuwa, tunda a ganina riba ce na ci, na sayi babbar tukunyar dafa ruwan wanka da su. Na dawo a keke napep ina rungume da ita, ina jin kaina wata hajiya.

Da hantsi matan layi sun taru gindin tankin Maman Joy, kowa na son ganin an sako ruwa. Na jera kofuna shida a babban tire, na yafa mayafi na fito ina takawa a hankali. Oga Monday na cikin rami shi kaɗai.

"Oga, ina sauran mutanen naka?"

"Wane mutane, Madam?"

"Masu shan ti. Ga shi nan guda shida, da madara. Ga gam ɗinka, na gwangwani ya ƙare a kasuwa." Na ɗaga murya don matan su ji su koya. "Kuma ko sisi kada in ji an sa min a lissafi."

Ya dubi tiren, ya dube ni, ya sake duban tiren. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani tsohon guntun fayif mai baki uku.

"Madam, wannan ne ti. Shi zai raba ruwa, ɗaya kicin, ɗaya bayi. Gam kuma na liƙa fayif ne."

Maman Joy ce ta fara. Ta dafa tanki tana dariya har zaninta na kwancewa. "Maman Walid, ka kashe ni! Ka kashe ni yau!" Sauran suka ɗauka. Walid ma, da bai san komai ba, yana tafi.

Na so ƙasa ta tsage in shige da tirena. Amma kunyar ba ta kai tsoron da ya biyo bayanta ba, don nan na tuna kuɗin ti na gaskiya sun zama tukunya. Gobe mutumin nan zai tafi, ni kuma ko yaushe zan iya haihuwa. Ga tukunya, babu ruwa. 

Maman Joy ta lura da fuskata. Ta goge idonta da bakin zani, ta matso ta ɗauki kofi ɗaya.

"Mai shayi, nawa nawa?"

Ba ta jira amsa ba ta kwance bakin zaninta ta ajiye kuɗi a tire. Wata ta ɗauka ta biya, wata ta ce a ƙara mata sukari tunda da kuɗinta. Oga Monday ya shanye biyu, ya haɗa da burodi, shi ma ya biya, ya ce gam ɗin a bar masa. Ya tattara kuɗin ya hau acaba ya tafi sayo ti na gaskiya yana taunar cingam. Kafin la'asar famfona ya yi tari, ruwa ya zubo. Na tara hannu biyu na tsaya ina kallo kamar ban taɓa ganin ruwa ba.

Inna ta zo, na yi wankana cif a tukunyar nan, ba mu sayi jarka ko ɗaya ba. Yarinyar da na haifa yanzu tana makaranta. Maman Joy ta koma garinsu, yawancin matan sun tashi, layin ya cika da katangu masu tsawo da mutanen da ban san sunansu ba. Babu mai kirana Mai Shayi yanzu, kuma wallahi wani lokaci har kewar sunan nake yi.

Abin da na koya dai shi ne, yin shiru don kada a gane ban sani ba ya fi tambaya tsada. Yanzu in mai aiki ya ce yana son ti, kafin in ɗora ruwa a wuta sai na tambaye shi: na sha, ko na fayif?