Shukar da Ta Ƙi Cin Ƙuda

Ba zan taɓa mantawa da taron iyaye da malamai na shekarar da na fara koyarwa a Talata Mafara ba, duk da ƙoƙarin da na yi in manta.

Ni a cikin garin Gusau na tashi, kuma kimiyyar halittu aka turo ni in koyar a wata sakandaren jeka-ka-dawo. Ɗalibaina kusan duk 'ya'yan manoma ne, daga Ruwan Gizo da ƙauyukan kewaye. Ni kuwa (Allah Ya yafe mini) kallon da nake yi musu shi ne na waɗanda iliminsu na tsirrai ya tsaya a gero da dawa.

Wata rana na ba su labarin shukar da ke cin ƙwari, ganyenta kamar baki, ƙuda na sauka sai ta rufe ruf. Suka bushe da dariya. Wata ɗaliba mai suna Hafsatu ta ce a hankali, "In gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu." Na ji ta, na yi kamar ban ji ba, amma na ƙudurta sai na nuna musu ita da idonsu.

A makon na yi odar irin shukar ta waya daga wani mai sayar da furanni a Legas. Ya iso cikin ambulan, 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar irin alayyafo, da takardar bayani: kada a sa taki, kada a ba ta ruwan rijiya, ƙasa marar ƙarfi take so. Na karanta na yi tsaki. Wace shuka ce ke ƙin taki? Na ɗebo ƙasa baƙa wuluk daga turken awakin mai gidan da nake haya, na cika tukunya, na shuka, na ajiye a tagar ɗakin gwaji.

Kwana shida, sai ga tsiro ɗaya. Takardar ta ce sai an yi makonni, amma na ce albarkar taki ce. Da sirinji nake ba shukar ruwa, ɗigo-ɗigo. Wata rana gab da magariba na koma ɗauko makullina, sai na tarar ganyayen sun haɗe biyu-biyu, fuska da fuska. Na ce lallai bakin ya fara aiki. Da safe kuma sun buɗe. Daga ranar na shiga farautar ƙudaje da murfin littafin rajista, in ɗora gawar a kan ganye, washegari in tarar babu. (Na ga tururuwa na zirga-zirga a bakin tukunyar, amma na ce su ma ajalinsu ne ya kawo su.)

Na gaya wa shugaban makaranta, shi kuma ya sa ni cikin jerin masu jawabi a taron iyaye da malamai, har da alkawarin ba ni fili in yi lambun makaranta in iyaye sun gamsu.

Ranar taro ɗakin ya cika. Na rufe tukunyar da ƙyalle, na yi bayani mai tsawo, har da cewa akwai ilimin da ba a samu a bakin gona. Sannan na yaye ƙyallen, na soko ƙuda a tsinken tsintsiya, na ɗora a ganye. Shiru. Na sake dangwara shi. Ko motsi. Na ce, "Wataƙila taro ne ya yi mata yawa."

Sai wata dattijuwa ta taso daga ɓangaren mata. Inna Kulu ce, mahaifiyar Hafsatu. Ba ta yi gaggawa ba. "Malam, ina wuni? Ina gajiya? Yaya haƙuri da yara?" Na amsa duka. Ta tsinki ganye ɗaya, ta murza, ta shinshina.

"Malam, wagga ai tahwasa ta. Da ita nika kwaɗo in kai kasuwa ran Talata."

Na ce, "Inna, ai tana rufe ganyenta. Da idona na gani."

"Awo, ɗana. Kowace tahwasa haka takan yi in rana ta hwaɗi. Kwana takai."

Wani tsoho daga Faru ya ɗaga murya ya tambaya ko takin awaki na sa. Na ce e. Ya ce, "To, cikin kashinsu taz zo. Naka irin ya ƙone." A nan dariyar da ake ta dannewa ta fashe. Shugaban makaranta ya cire hularsa yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu.

Amma ba dariyar ce ta fi damuna ba. Ranar Litinin na tambayi ajin ko sun sani. Suka sunkuyar da kai. Hafsatu ta ce, "Tun ganye na biyu muka gane, Malam." Na ce me ya hana su faɗa? Ta ce, "Mun ga kana sonta. Kuma ba ka tambaye mu ba."

Wata guda yaran nan suna kallona ina yi wa tafasa hidima, suna rufa mini asiri, ni kuwa ina ganin ni nake fitar da su daga duhu. Tun ina yaro nake cin tafasa, amma a kwano na san ta, da ƙuli-ƙuli da albasa. Ban taɓa durƙusawa na dube ta a ƙasa ba. Kuma ko na san ta, ina jin da ban gane ta ba, domin ido yakan ga abin da zuciya ta riga ta saya.

Filin lambun dai an ba ni, da sharaɗin ɗalibai za su riƙa duba abin da ya tsiro. Na amince ba musu. Yanzu duk abin mamakin da zan nuna wa duniya, sai na fara nuna wa mai sayar da kwaɗo.