Ƙarafan Isuhu a Maƙera

Ko tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da kakar da na ɗauki hanyar abincin ɗan'uwana na kai ta maƙera da hannuna ba.

Lokacin 'yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, ina aiki a ƙaramin asibitin Madawa. Aikina dafa allurai da wanke miki. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na samu sartifika, abin da ya sa a unguwarmu ake ganina kamar wanda ya san komai, ni ma kuma na ɗan yarda da hakan. Amma abin da aka fi sanina da shi fargaba ce. Ni ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya kai bakin kasuwa, ya dawo ya taɓa kwaɗon. Allurar da ta tafasa sai na sake tafasa ta, don ban tabbata ta ji wuta ba. (Lokotoronmu, wato likitan asibitin, ya taɓa cewa da ƙwayoyin cuta suna da sarki, da tuni ya aiko a ba ni haƙuri.)

Isuhu ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ya tafi cin rani Jos kamar sauran samarin Adar, amma maimakon haƙar kuza sai ya faɗa filin da Turawa ke wani wasa da suke kira golf. Wasan ƙaramar ƙwallo ce fara, ba ta wuce ƙwan zabo ba, ana bugunta da sanda daga nesa har ta faɗa wani ɗan rami, wanda ya kai ta da ƙarancin bugu shi ya ci. Isuhu ya fara da ɗaukar wa Turawa jakar sanduna, yana biye da su cikin rana, yana satar kallon yadda suke tsayuwa. Da ya samu sarari sai ya gwada. A hankali ya fi masu ɗaukar jaka duka, har ya fara fin waɗanda yake ɗaukar wa. Wani Bature da zai koma gida ya bar masa jakarsa da duk abin da ke ciki.

A wannan shekara ya zo gida da damina ta kusa ƙarewa. Ya ce bayan kaka akwai gasa a Kaduna, kuma za a bar irinsa su shiga tare da masu cin abinci da wasan. In ya yi abin kirki, masu filin za su ɗauke shi mai koyarwa, da albashi da ɗaki. In bai yi ba, ya koma ɗaukar jaka har bayansa ya ranƙwafa. Sandunan kuwa ko a Kano ba a samun irinsu, sai an aiko da su daga ƙasar Turawa ta jirgin ruwa.

Zai wuce Tabotaki ya gaida innarsa, daga can ya leƙa Keita, hanyar kuma ta jaki ce da duwatsu. Sai ya shigo gidana da wata doguwar jakar fata mai murfi a ɗaure, ya jingina ta da bango.

“Bawana,” ya ce, don haka muke kiran juna, “ga amana. Na duba dangi kaf ban ga matsoraci kamarka ba, shi ya sa na zaɓe ka. Kar ka ba kowa, kar ruwa ya taɓa ta.”

Na ce, “Ka tafi da ita mana, Isuhu. In wani abu ya same ta fa?”

“Mi zai same ta? Ko ƙuda ya sauka kanta na san sai ka tambaye shi sunan ubansa.”

Ban buɗe jakar ba. A ganina amana ba a leƙa cikinta. (Ka riƙe wannan a ranka, mai karatu, don a nan duk abin ya fara lalacewa.) Na fara sa ta ƙarƙashin gado, sai na tuna da gara. Na rataye ta a azara, sai na tuna rufin yana yoyo. Na kai ta ɗakin matata Dije, sai na ga kaskon wutarta. A ƙarshe na hau tsani na zura ta cikin rumbu, wanda a lokacin babu komai a ciki, na rufe, na sauko ina yaba wa hankalina.

Sai aka tura mu ƙauyukan Azarori yin lambar rigakafin agana. Kafin in dawo an yanke hatsi, surukaina kuma, Allah ya saka musu da alheri, sun zo gayya sun cika mini rumbu da dammuna har wuya.

Yini guda na yi ina fitar da hatsin da mutane suka sha wahalar shigarwa. Maƙwabta suna tambaya ko ɓarawo na ji a ciki. Da na kai ga jakar, ta lotse a tsakiya. Na kwance murfin, na zazzage sandunan kan tabarma.

Masu kan itace lafiyarsu lau. Wata gajera mai kan ƙarfe ita ma a miƙe take. Amma sauran, duk kawunansu sun kwanta baya. Ta farko kaɗan, ta biyu ta fi ta, haka-haka har ta ƙarshe wadda ta kusa kwanciya rigingine tana kallon sama. Nan take ilimin lakwal ya taimake ni: wadda ta fi kwanciya ita ce nauyin hatsi ya fi dannewa. Na buɗe aljihun jakar, na ciro ƙwallayen. Kowace jikinta ya cika da ƙananan ramuka, sak fuskar wanda ya tashi daga agana. Ƙwayar hatsi ta nutse a jikinsu, in ji ni.

Dije ta tsuguna ta ɗauki ɗaya tana juyawa.

“Maigida, ramukan nan fa duk girmansu ɗaya, kuma a jere suke. Hatsinmu ne ya iya layi haka?”

“Ke ba ki san ƙarfin nauyi ba. Mun karanta shi.”

“To ka jira mai kaya ya dawo ka tambaye shi.”

“In tambaye shi me? In ce ga amanarka na karya? Gyarawa zan yi tun bai gani ba.”

Ta ajiye ƙwallon ta koma wurin dakanta. Har yau in muka yi gardama ba ta cewa komai, sai dai ta ce, “Mun karanta shi.”

Na ɗaure ƙarafan da igiyar kaba, na naɗe su cikin tsohon bargo, na bi ta bayan gari zuwa maƙerar Baba Nomau. Dattijo ne mai fara'a, shi ke yi wa gidanmu kalmen noma da lauje tun zamanin mahaifina. Ya zaro mai kwanciyar nan, ya kanne ido ɗaya ya dube ta.

“Wanga ai ba wani abu ba ne, ɗana. Kalme ne da ya ci karo da dutse. Wuta ɗaya, guduma uku, sai ka gan shi tsaye kamar soja. Ƙarfen kuwa mai kyau ne. Ka zo gobe.”

Na zo gobe. Ya ce masu lauje sun yi masa yawa, in zo jibi. Na zo jibi, ya ce gawayin da anka kawo masa ba na ƙirya ba ne, marar kyau ne. Kullum in na tashi daga asibiti sai na biya, kullum da sabon dalili. Da ya ga na fara ɗaure fuska, sai ya ce ai ya ba su wutar farko, suna can ciki suna hucewa, ƙarfen Turawa ba a yi masa gaggawa. Na ji sanyi a raina. Har godiya na yi masa. Amma duk da haka sai da na yi masa 'yar nasiha a kan cika alkawari, ni da ban kai ɗansa na fari ba.

Ran kasuwar Madawa, bayan la'asar, kamyo, wato babbar motar kaya, ya sauke Isuhu tun kafin lokacin da na zata. Labari ya riga ya zaga cewa ɗan Adar yana cin Turawa a wasansu, don haka kafin ya gama shan fura ƙofar gidana ta cika: kawu, limamin unguwa, mushen da ya koyar da ni, har lokotoro ya tsaya da kekensa. Kowa so yake ya ga yadda ake bugun.

“Bawana, kawo amana.”

Na shiga ciki na daɗe. Na sa rigata ta Juma'a, don na ƙudura in zan faɗi, in faɗi da mutunci. Na fito da jakar tana ƙwal-ƙwal, na ajiye, na durƙusa gaban kawu, na fara jawabin da na yi kwanaki ina shiryawa. Na yi maganar gara, na yi ta yoyo, na yi ta rumbu. Na ce nauyin hatsi ya kwantar da kawunan ƙarafan, na ce laifina ne ba na surukaina ba. Na ciro ƙwallo na ɗaga ta kowa ya ga ramukan. Liman ya girgiza kai yana salati.

Isuhu ya dube ni, ya dubi ƙwallon. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci kuka ne, har na miƙa hannu in dafa shi, sai dariya ta ƙwace masa har ya zame daga kan turmi.

“Haka anka yi su, bawana. Ramukan ne ke sa ta tashi. Kawunan ma haka anka ƙera su, kowane da kwanciyarsa. Wanga na nesa, wanga na kusa, mai kallon sama na fidda ƙwallo daga rairayi. Kawu, ka ji ɗanka mai sartifika?”

Jama'a suka ɗauka. Mushe ya cire tabarau yana share hawaye. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Isuhu yana dariya ya leƙa jakar. “To ina suke? Kawo in nuna muku.”

Na ce a hankali, “Suna wurin Baba Nomau. Yana miƙe su. Ya riga ya ba su wutar farko.”

Ban taɓa ganin dariya ta bar fuskar mutum da sauri haka ba. Bai zage ni ba, kuma da zagin ya fi mini sauƙi. Ya dai ce, “Kaduna,” kamar mai kiran sunan mamaci, ya miƙe ya zura da gudu ba takalmi. Na bi shi ina tattare riga. Jama'a suka biyo mu, muka ratsa tsakiyar kasuwa, ta cikin masu albasa, ta gaban masu raƙuma.

Baba Nomau ya hango mu daga nesa: ni a gaba-gaba da rigar Juma'a, bayana liman da dattawa. Sai ya ɗauka na tara masa mutane ne a kan saɓa alkawari. Ya yi wuf ya janyo ƙunshin daga saman rumfa, ya zare ɗaya, ya cusa kanta cikin garwashi, ya hau zuga da ƙarfinsa.

“Ga shi ina yi, ɗana, ga shi ina yi. Ba sai an kira liman ba. Yanzu-yanzu za ka gan shi tsaye.”

Isuhu ya yi tsalle ya tsallake uwar maƙera, ya fizge sandar. Baba Nomau ya riƙe ɗaya gefen.

“Kai kuma wane ne? Mai kaya na gaggawa.”

“Ni ne mai kayan, Baba. Don Allah saki.”

Aka tsoma kan cikin kaskon ruwa, ya yi 'yar ƙara. Isuhu ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗaga shi sama, ya duba ta nan, ya duba ta can. Ya yi baƙi, amma kwanciyarsa na nan. Na waiwaya ga sauran. Suna cikin bargona, da igiyar kabar da na ɗaure, ƙullina ne ma ba a kwance ba, har gizo-gizo ya yi saƙa a kai.

Na ce, “Baba, wutar farkon fa?”

Ya sosa ƙeya. “To, ɗana, kullum kana tsaye a kaina kamar mai karɓar haraji. Dole in hwaɗa maka wani abu.”

Na zauna a kan tokar maƙera da rigar Juma'a, ina ta hamdala, ina riƙe da hannun dattijon da na yi wa wa'azi a kan gaskiya.

Kafin magariba Isuhu ya kai mu busasshiyar ƙorama a bayan gari. Ya binne ƙwallo rabi cikin rairayi, ya ɗauki mai baƙin kan nan, ya karkace ya buga. Rairayi ya tashi, ƙwallon ta yi sama ta tsallake wani gawo, ta sauka can kamar an ajiye ta da hannu. Ya ce in je in ɗauko, tunda ni ne likitan ramukanta. Na je. Ban taɓa jin daɗin aike kamar wannan ba.

Isuhu bai ci gasar Kaduna ba, amma ya zo cikin na gaba-gaba, kuma masu filin sun ɗauke shi. Da wannan aiki ya yi aure, ya gina wa kawu ɗaki mai kwano, ya koya wa yaran masu ɗaukar jaka da yawa. Sandar nan kuwa bai taɓa goge baƙinta ba. Ya ce duk wanda ya tambaya sai ya ba shi labarina, kuma Turawa sun fi son wurin hatsin.

A Madawa har na bar aiki ana kirana Mai Miƙe Ƙarfe. In an kawo yaro mai gwame asibiti, sai wani ya ce a ɓoye shi kar in gani.

Fargaba ba ta sake ni ba, har yanzu ina komawa in taɓa kwaɗo. Sai dai yanzu in aka ba ni ajiya, a gaban mai ita nake buɗewa, in sa shi ya nuna mini abin da ya zo da shi a karkace. Kuma duk maƙeri ko tela da ya ce mini in dawo gobe, ba na ɗaure masa fuska. Godiya nake yi, in ce masa ko jibi ma babu laifi.