Nomau da Motar Alhaji Mai Banɗaki

A garin Kwarin Marke, in ka bi layin masu daddawa har ƙarshe, gidan da za ka tarar mai dangar kara da zogale a ƙofa shi ne gidan su Nomau. Mutum uku ne a ciki: Inna Gude mai daddawa, da ɗanta Nomau, da matarsa Tabawa. Nomau ƙato ne, ga ƙarfi ga fara'a. Bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, bai kuma taɓa zaton mutum zai faɗi wata magana yana nufin wata ba. Abin da kunnensa ya ji, shi hannunsa zai yi. Ranar da Inna ta ce ya sa ido a tukunyar kalwa, sai da Tabawa ta janye shi ta baya, fuska duk tururi. Tun daga nan Tabawa ta koyi auna magana kafin ta sake ta. Sauran mutanen gari kuwa mantawa suke yi.

Wata rana sai ga Alhaji Ma'aruf, wanda ya daɗe yana fatauci a Kwatano, ya dawo gida da wata irin mota da ba a taɓa gani ba. Fara ce, doguwa, kuma gida ce sukutum: gado a ciki, da murhu, da wurin wanka, har da banɗaki. Gari ya tashi. Maza suka watse daga majalisa, mata suka leƙo ta saman katanga, mai shayi ya bar butarsa tana tafasa. Tambaya ɗaya ce ke cin kowa, mai aski ne ya yi ƙarfin halin yin ta: in mutum ya shiga ya biya buƙatarsa, ina abin yake zuwa? Direban motar, wani siriri mai suna Ilu, ya durƙusa ya nuna musu. Tankuna biyu ne a ƙarƙashi, ɗaya na banɗaki, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke. In sun cika sai a ɗaura mesa, a kai bakinta masai, a ja wani ƙarfe, su juye.

"Na banɗaki ake fara saki," in ji Ilu, "sannan na wanka ya bi baya ya ɗauraye hanya."

Kowa ya gyaɗa kai. Amma da Alhaji ya ce yana neman wanda zai riƙa taya Ilu wannan aiki, sai kowa ya tuna yana da abin yi a gida. Nomau kaɗai ya rage, yana shafa ƙofar motar yana murmushi. Aka ɗauke shi.

Wata rana tanki ya cika, Ilu ya buɗe akwatin kaya ya tarar an baro mesar motar a Kwatano. Ya ce, "Nomau, yi maza ka samo mana mesa. Doguwa nake so, mai kauri, wadda ba ta da ɓula." Nufinsa ya je ya aro wajen masu noman rani. Nomau ya ce to, ya ɗauki buhu ya nufi dutsen bayan gari. Sai la'asar ya dawo, jiki duk ƙaya, buhu a kafaɗa yana motsi. Ya ratsa 'yan kallo, waɗanda ba su taɓa rabuwa da motar ba, ya kwance bakin buhu ya zazzage a gaban Ilu. Kafin macijiyar ta gama warwarewa Ilu yana saman mota, mai aski yana cikin kwata, mai shayi ya bar takalmi ɗaya. Nomau ya riƙe wuyanta ya ɗaga kai.

"Oga Ilu, na duba ta daga kai har wutsiya, ba ɓula. Ta wane ɓangare ake ɗaura ta?"

"Ta roba nake nufi. Mayar da ita inda ka ɗauko ta."

"Akwai wadda ta fi ta kauri, amma tana kan ƙwai."

Wata rana Mai gari da kansa ya zo ganin mota, fadawa na biye. Aka zaunar da shi a kujerar ciki, Hajiya Sa'ade, matar Alhaji, ta aiko da zoɓo mai sanyi. Dattijo ya ji daɗinsa, ya sha ya ƙara, ya kuma ƙara. Can Alhaji ya fita amsa waya, sai Mai gari ya yafito Nomau ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan nan, ina so in ɗan zagaya."

Nomau ya ji an girmama shi. Ya kama hannun Mai gari ya sauko da shi, suka fara zagaya motar. Fadawa suka ga haka suka jeru a baya.

"Wannan taya ce, ranka ya daɗe. Wannan ma taya ce."

Suka dawo inda suka faro, Nomau ya zarce. Mai gari ya matse ƙafafu ya ce, "Ba wannan zagayen ba." Nomau ya ba da haƙuri, ya juya da shi suka bi ta ɗaya hannun. Gumi ya karyo wa dattijo, rawani ya karkace, tafiyarsa ta koma 'yar taka-tsantsan. Da abin ya kai masa ko'ina ya ajiye sarauta gefe ya ce, "Fitsari, Nomau. Fitsari nake ji." Nomau ya ce ai da tun farko aka faɗa. Ya juya ga jama'a ya ɗaga murya yadda na bakin kasuwa ma za su ji: "A ba da hanya, Mai gari zai yi fitsari." Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Wata rana, bayan an samo mesar roba, Ilu ya kwanta a ƙarƙashin mota zai ɗaura ta. Ya ɗora hannun Nomau a kan ƙarfen tankin banɗaki ya ce, "Riƙe nan. Kada ka motsa. In ka ji na ce ja, ka ja." Nomau ya riƙe ya kasa kunne, ko ƙuda bai kora ba. Ilu yana ta kokawa da bakin mesa ya ƙi zama, sai ga mai goro ya tsaya da farantinsa. Ilu kuwa mutumin goro ne, ko a kwance ba ya bari ya wuce. Ya miƙo hannu daga ƙasa ya ce a ba shi ɗaya.

"Fari ko ja?" in ji mai goro.

"Ja."

Nomau ya ja da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Mai goro ya tsira da farantinsa da ƙyar. Ilu ya fito da rarrafe, ba a ganin komai sai fararen idanu, ya kasa ko buɗe baki ya yi zagi. Nomau ya tuna darasi, ya ce, "Saura na wanka, shi ne mai ɗaurayewa. Koma ka kwanta in saki." Sabulu sanda guda Ilu ya ƙarar a ranar, kuma an daɗe a majalisa in ya zauna sai a ga mutane suna ɗan matsawa.

Wata rana tayar motar ta sace a gindin darbejiya, nesa da masai, mesa ta kasa kaiwa. Ilu ya juye tankin a cikin duro daga nesa-nesa, ya ɗora a kan kurar 'yan ga-ruwa, ya ce wa Nomau, "Tura ka kai ka juye a bayan gida." Nomau ya tura. Ya wuce ƙofar masai bai ko kalle ta ba, ya bi jikin katanga har ya zo daidai bayan gidan Alhaji, ƙarƙashin tagar Hajiya Sa'ade, ya tuntsurar da duro. Hajiya kuwa a lokacin ta tara ƙawayenta ana gwada turaren wuta. Sai aka ga mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, mayafi a hanci, ba mai yi wa wata sallama. Hajiya ta fito ta tsaya a gaban mijinta ta ce ya zaɓa, ko a nema wa ƙazantar motar nan wurinta can nesa da gida, ko ita ta nemi nata.

Washegari da safe Alhaji ya ja Nomau zuwa wata tsohuwar gonarsa a gangaren gari, kusa da wani ɓaure, ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Nan za mu riƙa juyewa. Tona rami. Ka yi ta tonawa, kada ka daina sai na ce ka daina." Niyyarsa ya dawo bayan azahar ya duba. Kafin azahar aka yi masa waya abokin cinikinsa ya kwanta ciwo a Damagaram. Ya kwashi Hajiya da Ilu suka shiga mota suka tafi, maganar rami ta fita ransa.

Nomau ya tona har gwiwa, ya tona har ƙugu, ya tona har kansa ya ɓace. Tabawa ta kawo tuwo ta leƙa.

"Malam, ai ya isa haka."

"Alhaji bai ce ba."

Ta san mijinta, ba ta ɓata bakinta ba. Ta ce, "Alhaji ya ce kada ka daina, amma bai ce kada ka huta ba." Da wannan take fito da shi ya yi salla, ya ci abinci, ya kwana a gida. Gari na wayewa ya koma. Da ya kai inda ba ya iya watso ƙasa waje, tana dawo masa a ka, sai ta kawo guga da igiya ta riƙa ja masa, don ta ga in ba haka ba zai binne kansa. Shekarar kuwa rani ya yi tsanani, rijiyoyin gari sun ƙafe, mata sai sun yi sammako zuwa rafin ƙauyen gaba. Tabawa ta je ɗiban ruwa da safe, ta dawo ta ja ƙasa har yamma, tafin hannunta duk ya yi kanta.

Kwana da kwanaki ana haka. Ramin ya yi zurfin da in ka leƙa sai duhu da ƙarar diga. Wani gefe ya zube sau ɗaya, Nomau ya fito da kumburi a goshi ya koma. Inna Gude ta bar daddawarta ta je gaban Mai gari tana hawaye, ta ce ɗa ɗaya gare ta, ƙasa za ta rufta da shi. Mai gari ya zo ya tsaya a bakin rami ya ce a daina. Murya ta taso daga ƙasa da ladabi: "Ranka ya daɗe, kai Mai gari ne, ba Alhaji ba." Aka nemi Alhaji a waya aka rasa, layinsa ba ya shiga tun da ya ƙetare iyaka. Abin da aka iya yi kawai, aka samo itatuwa aka tokare bangon ramin, Inna ta zauna a gindin ɓaure da carbi.

Wata rana da hantsi, Tabawa ta tafi rafi, Inna ta je duba tukunya, sai ga farar mota ta ɓullo. Tankuna sun cika maƙil tun a hanya, Hajiya ta rufe hanci da mayafi, don haka Ilu bai ko tsaya gida ba, ya miƙe gona. Ya yi murna da ya ga rami. Ya ɗaura mesa, ya jefa bakinta ciki, ya ɗora hannu a ƙarfe.

Sai murya ta taso daga ƙasa: "Oga Ilu, sannu da zuwa. Akwai mutum a ciki."

Ilu ya leƙa ramin. "Nomau? Fito in juye."

"Alhaji bai ce in daina ba."

Alhaji ya sauko ya ga tsibin ƙasa ya fi motarsa tsawo, ya leƙa ramin, ya dafe kai. "Nomau, daina. Ni ne Alhaji, na ce ka daina."

Aka ji diga ta faɗi. Sannan Nomau ya ce da sanyin murya, "Alhaji, ka yi haƙuri. Na ɓata maka rami."

"Me ya same shi?"

"Ruwa ya shigo. Tun ɗazu nake toshewa da ƙafa, in na taka nan sai ya ɓullo can. Yanzu ya kai mini gwiwa."

Alhaji ya juya a hankali. "Ilu, ɗauke hannunka daga ƙarfen nan. Kada ka ce komai, kada ka amsa wa kowa." Da kansa ya janye mesar ya yi jifa da ita gefe, ya zura guga. Ya fito da nauyi, ruwa jajir da laka, mai sanyi kamar na randa. Ya sake zurawa, na biyun ya fi na farko haske. Daidai nan mata suka ɓullo daga hanyar rafi da jarkoki a ka, Tabawa na gaba. Ta ga Alhaji da babbar riga a jiƙe yana dariya shi kaɗai, ta leƙa gugan, ta saki jarkarta ta rangaɗa guɗa. Kafin a jawo Nomau sama rabin gari ya hallara. Mai aski yana wanke fuska, mai shayi ya zo da butarsa, Inna Gude tana shafa kan ɗanta tana kuka tana dariya. Mai gari ya sa aka gusar da motar nan take, ya ce daga yau ko inuwarta kada ta kusanci wurin.

Aka ɗaure bakin rijiyar da siminti. Ramin mota kuwa aka tona wani can bayan dutse, Alhaji ya tsaya a kai tun daga farko har ƙarshe, bai ko je shan ruwa ba.

Har yau Rijiyar Nomau ake ce mata, baƙi ma kan tsaya su sha su yaba. Amma in ka sami Nomau yana wanke farar mota ka yi masa barka, sai ya girgiza kai ya ce, "Rami ne mai kyau, wallahi. Da ba don ruwan nan ba, da sai mu shekara muna juyewa bai cika ba."