Yadda "Oke" Ta Kai Ni Teburin Guga

Ana gab da Sallah na zauna a shagon ɗinkin yayana a unguwar Briqueterie, ina yi wa telolinsa lacca a kan kalmar "oke". Na ce daga Amurka ta fito, tana nufin to, tana nufin na yarda, kuma wanda ya riƙe ta ya gama da Ingilishi.

Ban rufe baki ba wata mata 'yar Bamenda ta shigo, ba ta jin Faransancin da ake yi a garinmu, sai Ingilishi. Yaya ya ce, "Ga gwani nan, tashi ka yi mana tafinta."

Ta dinga zuba kamar famfo, ni kuwa ban kama komai ba. Duk inda ta numfasa sai in gyaɗa kai in ce oke. Ta fita tana murna.

Yaya ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Yabon aikinku take."

Washegari tasi ta sauke atamfofin ankon biki na dangi guda, wai na yi wa matar alkawarin a gama kafin Sallah. Dutsen guga kawai Yaya ya miƙo min.

Har yau in na yi sallama a shagon, telolin sukan amsa, sannan su gyaɗa kai a tare su ce, "Oke."