Ranar da Shanu Suka Ja Motata

Wata huɗu na yi ina bincike kafin in sayi mota, don mai digiri ba ya gaggawa. Na tambayi makanikai uku a Bagudo game da shan mai da tsadar gyara, sannan na zaɓi wata 'yar kwatano mai ƙaramin inji. Ina jin hanya ce kawai ban tambaya ba.

Ranar kasuwar Lolo surukina zai kai shinkafarsa a babur kafin 'yan sari su tashi. Na ce, "Haba Baba, ga mota?"

Ya dubi tayoyinta. "Wagga? Anya kuwa?"

Na tabbatar masa, wataƙila da ƙarfi fiye da kima.

Ba mu yi nisa ba ta zauna daram cikin rairayi, tana kuka kamar injin markaɗe. Masu babura suka riƙa wucewa suna gaishe shi. Sai da wani Bafulatani ya ɗaura mata shanu biyu muka fita. Muka tarar kasuwa ta watse.

Har yau in na ce zan kai shi unguwa, sai ya ce, "To ɗana, ka sanar da shanun?"